Motar Tsoho a Kan Majuyi

Rana ta yi ja, inuwar katanga ta riga ta cinye rabin tsakar gida, lokacin da Mai Guduma ya kashe injin walda ya ɗaga gilashin da ke fuskarsa. Da wannan suna kowa ya san shi, domin tun yana saurayi sana'arsa ke nan, buga jikin motar da ta lotse har ta koma kamar ba abin da ya taɓa samunta. Mutum ne mai hannu, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Amma in ya kafe a kan abu, gara ka je ka lallashi turmi.

Abin da ya kafe a kai a wannan shekarar shi ne motar mahaifinsa. Tsoho direba ne, ya rasu ya bar ta a lungun bayan gida ƙarƙashin rumfar kwano, ta yi shekara da shekaru a zaune kan tayoyin da suka sace, har ciyawa ta fito ta cikin ƙasanta. Irin motocin da ce masu dogon hanci da zagayayyun fitilu, waɗanda yanzu ko a hoto sai an sha nema. Masu sha'awar irinta sun zo sun taya, ya raka su ƙofa da baƙar magana. Ya ce da hannunsa zai tashe ta, ko da a kanta zai ƙare.

Ya sauke inji, ya cire kujeru da gilasai da ƙofofi, har ta koma gangar ƙarfe zalla. Da ya ga yadda tsatsa ta cinye ƙasanta, sai ya ƙera abin da yake kira majuyi. Ginshiƙai biyu ne na ƙarfe, ɗaya a gaba ɗaya a baya, gangar motar tana rataye a tsakaninsu ba ta taɓa ƙasa, yadda za a juya ta ta kowane gefe a soka sakata ta tsaya cak, mutum ya yi aikinsa a tsaye maimakon ya kwanta a ƙarƙashi tartsatsi na zuba masa a wuya. Matarsa, wadda yara ke kira Umma, ta leƙo ta ce sai ka ce rago za a gasa. Bai yi dariya ba, dama ba ya dariya a kan motar nan.

Kafin ya rataye ta kuwa, sai da ya gitta ƙarafa a kowace kafar ƙofa ya liƙe su da walda. Duk mai irin wannan aiki ya san dalili. Motar da aka cire wa ƙofofi, aka yanke ruɓaɓɓen ƙasanta, aka kuma rataye ta ta kai da gindi, ba abin da ke riƙe da tsakiyarta sai waɗannan ƙarafa. In babu su sai ta lanƙwashe, wadda ta lanƙwashe haka kuwa babu gudumar da za ta sake miƙar da ita.

Mutum ɗaya ce a gidan take taya shi son motar, ita ce Auta, 'yarsu ta ƙarshe, budurwa 'yar makaranta, don yayyenta duk sun watse gidajensu. Kullum da yamma ita ke kawo masa shayi har gindin majuyi, ta zauna kan tsohuwar taya tana tsokanarsa wai kafin motar nan ta tashi ita ta yi jika. Shi kuma ya yi mata alkawari ranar da ta tashi ita ce za ta fara zama a gaba. A duniya ita kaɗai ke faɗa masa magana ya haɗiye.

"Ajiye kofin, zo ki gani," in ji shi a wannan yammacin. "Zare sakatar nan, ki tura da hannu ɗaya."

Ta zare, ta tura. Ya daidaita nauyin yadda ya kamata, don haka gangar ta juya a hankali ba ko ƙara, rufi ya yi ƙasa, ciki ya kalli sama. Auta ta ƙyalƙyale da dariya. Sai wani abu ya gangara a cikin motar, ya yi ƙara irin ta ƙaramar tukunya in ta faɗo daga kanta. Mota ce kuwa da ba a bar ko ƙusa ɗaya a cikinta ba. Tsuntsayen da ke hayaniya kan wayar lantarki suka yi tsit a lokaci ɗaya, uba da 'ya suka dubi juna.

Umma ta fito bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu. "Baban Auta, magariba fa ta kawo jiki. Ka manta Tsoho bai taɓa kusantar motar nan a irin wannan lokaci ba sai ya ƙwanƙwasa ya yi sallama?"

"Tsoho da ya tsufa har da buta yake gaisawa," ya ce. "Ki koma kan girkinki."

Ya soka sakata. Da motar ta kife, sai ga wani rami da tsatsa ta huda a dokin ƙofa, wato dogon ƙarfen nan da ake tsallakawa in za a shiga mota, wanda cikinsa fanko ne kamar bututu. Ramin bai wuce tafin hannu ba, kuma dama yana da facin ƙarfe yankakke daidai da shi. An soma kiran salla, amma Mai Guduma ba mutumin da zai ga rami ya kwana da shi ba ne. Ya sauke gilashi, ya kunna inji, ya zagaye facin da walda mai kyau, irin wadda ko iska ba ta ratsawa.

"Baba," in ji Auta a hankali, "ka ji? Kamar kukan ɗan kyanwa."

"Ƙarfe ne ke hucewa," ya ce, ya ɗauki shayinsa.

Da gari ya waye, Umma ta tarar da komai na gidan a kife. Takalman bakin ƙofa, buta, tukwane, kujerar tsugunno, har agogon bango yana tafiya kansa a ƙasa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta gyara, bakinta na motsi da addu'a. Kafin la'asar sun sake kifewa, kuma ba wanda ya ga lokacin da suka kife.

Da rana ta faɗi aka soma jifa. Da fari jefi-jefi a kan kwanon rumfa, daga baya ya koma kamar ana zazzage buhu. Mai Guduma ya fita da gudumarsa yana zagin 'ya'yan maƙwabta da iyayen da suka haife su, ya buga ƙofar mutumin da suka yi shekaru suna gaisawa, ya faɗa masa abin da ba ya maimaituwa. Da ya dawo ya duƙa ya tsinci abin da ake jifan da shi. Ba duwatsu ba ne. Tsofaffin notina ne masu tsatsa, waɗanda shi da kansa ya yanke daga jikin motar ya zubar a bola tun da daɗewa, kuma da zafinsu. Yana cikin juya ɗaya a hannu wani ya same shi a gira, jini ya rufe masa ido.

Haka aka shiga yi kowace magariba. Bayan jifan sai shiru ya sauka, shiru mai nauyi da ke sa mutum ya ji bugun zuciyarsa, sannan a ji muryar mace tana zagaya rumfa. Ba a gane abin da take cewa, amma duk uwar da ta ji ta san kira ne, irin kiran da ake yi wa yaro in duhu ya yi bai shigo gida ba. Daga cikin motar kuma wani abu yana amsa mata da ƙwanƙwasa, yau da ƙarfi, gobe ƙasa da haka.

Mai Guduma yana da amsar komai. Jifa, 'yan hassada ne. Murya, rediyon wani ne. Da ya je juya motar ya mayar da ita daidai sakata ta ƙi fita, ya kai mata guduma har hannunsa ya yi tsami ba ta ko motsa ba, sai ya ce nauyi ne ya danne ta. Mutum in ya ƙi gani, ko fitila ka kunna masa a ido sai ya ce hayaƙi ne ya dame shi.

Sai abin ya koma kan Auta. Ta fara da jiri, tana tafiya tana dafa bango, tana cewa ƙasa ce a sama. Ta daina iya kwanciya sai ta saki kanta yana reto daga bakin gado. Daga nan numfashi ya soma yi mata wuya, tana jansa guntu-guntu kamar wadda aka rufe a akwati, jikinta zafi rau. Ranar da Umma ta ɗaga mata riga don ta goge ta da ruwan sanyi, ta ga ƙuraje masu ruwa sun jeru a gefen cikinta sun zagaye wuri kamar faɗin tafin hannu, a tsare, ɗaya na hawa kan ɗaya. Matar mai walda ce, ta san kamannin ɗinkin walda in ta gani.

An kai ta asibiti, aka auna, aka ba da magani, aka dawo da ita yadda aka kai ta. Magana ta ɗauke mata gaba ɗaya. Da magariba sai a neme ta a rasa, a same ta ta rarrafa har gindin majuyi tana kartar facin nan da farce, yatsunta duk jini.

"Ka kalle ta," in ji Umma. "Wannan ma rediyon wani ne?"

"Zazzaɓi ne ya taɓa mata kai. Kada ki kuskura ki kawo mini masu tofe-tofe gida."

"Gidan da ya rage maka ke nan? Wallahi in yarinyar nan ta mutu, kai da ƙarfenka sai ku ci kanku."

Ba ta sake neman izininsa ba. Washegari bayan la'asar ta shigo da Malam, wani tsamurmurin tsoho mai sanda wanda aka sani da karatu a kan masu irin wannan lalura, aka kuma san shi da rashin wasa. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya zarce lungun baya ya daɗe yana kallon motar da ke rataye cikinta a sama, ya dubi ƙarafan da aka gitta, ya dubi maigidan sama da ƙasa, sannan ya ce a shimfiɗa tabarma nan bakin rumfa a kawo yarinyar.

Ya zauna daidai kanta ya soma karatu, a hankali, ba ya ɗaga murya. Inuwa tana ta tsawo. Aka daɗe ba abin da ya motsa sai ƙirjin Auta da ke hawa da sauka da ƙyar. Can sai yatsun ƙafarta suka ƙanƙame, wuyanta ya sandare, idanunta suka buɗe suka tsaya a kan mahaifinta. Muryar da ta fito daga bakinta ta babbar mace ce, busasshiya, cike da ƙiyayya.

"Ƙona ni da karatunka, tsoho. Ci gaba. In na ƙone, da ita zan ƙone."

"Wace ce ke," in ji Malam, "kuma me kike nema a jikin 'yar mutane?"

"Tambayi ɗan direba. Na san shi tun yana jiƙa kujerar baya da fitsari."

Mai Guduma ya dafa ginshiƙin majuyi.

"A motar nan nake tun ubansa na da ƙarfi," in ji muryar. "Ya san da ni. Yana ƙwanƙwasawa, ina matsawa, ba mu taɓa saɓawa ba. A ciki na haifi ɗana. Wannan ya zo ya kwashe mini ɗaki kaf, na yi shiru. Ya gitta ƙarfe a ƙofofina ina waje, na koma kwana a kan rumfa, na yi shiru, tunda yaron yana da ɗan ramin da yake fitowa wurina. Sai suka kife gidan da shi a ciki. Ya firgita ya gudu cikin bututun nan zai fito, wannan ya liƙe masa hanya da wuta."

"An zalunce ki," in ji Malam. "Amma yarinyar nan ba ta san da ku ba, kuma zalunci ba ya halatta miki naki."

"Hannunta ne ya kife mana gida. Tana dariya." Bakin Auta ya murɗe. "Numfashi ɗaya suke ja yanzu, ita da shi. Abin da ya ƙona shi ya ƙona ta. In nasa ya ɗauke, nata ya ɗauke, kuma ba zai kai faɗuwar ranar nan ba."

"Za a buɗe ramin."

"Ya yi laushi, ba zai iya fitowa da kansa ba. Sai na shiga na ɗauko shi. Gidan da aka gitta wa ƙarfe a ƙofa kuwa rufaffe ne a wurinmu, ko da ba shi da rufi. A cire su duka. Sannan a bar mini motar, kada a ƙara taɓa ta."

"Ba a bar miki ba," in ji Malam. "Za ki ɗauki ɗanki ki bar gidan nan, ke da zuriyarki, ki rantse da wanda ya halicce mu da ku."

Ta yi tsaki, ta zage shi. Malam ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi, jikin Auta ya shiga karkarwa har tabarma na tattarewa, Umma ta danne kafaɗunta tana kuka. Ba a jima ba muryar ta karye.

"Na rantse. Na rantse, tsoho, ka tsaya. Me zan yi da kango? Ku buɗe mini in ɗauki ɗana."

Malam ya juya ya dubi maigidan. Rana ta riga ta sauka kan katanga, saura kaɗan ta nutse. Mai Guduma ya dubi 'yarsa, ya dubi motar.

"Malam, facin yanzu zan yanke shi," ya ce. "Amma ƙarafan ƙofa, in na yanke su tana rataye, ta mutu ke nan. A kife take, sakata ta ƙi fita, ba inda zan tokare ta. A ba ni zuwa gobe, in aro sarƙar ɗaga kaya in sauke ta tukuna."

Magana ce ta gwani, kuma kowace kalma a cikinta gaskiya ce, amma a gidan nan ba a taɓa faɗin magana mai muni kamarta ba. Abin da ke jikin Auta ya yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Kun dai ji shi da kunnenku," ta ce.

"Maigida," in ji Malam a sanyaye, "gobe za ka sami motarka a miƙe. Sai ka ɗauki gawa a ciki."

Umma ta saki kafaɗun 'yarta ta miƙe. Ta shiga rumfa, ta jawo injin yankan ƙarfe da wayarsa, ta jona da kanta, ta zo ta tsaya a gabansa. Ba ta kuka yanzu.

"In ba za ka iya ba, nuna mini inda ake dannawa."

Ya karɓa. Ya fara da facin, ya bi ɗinkin waldarsa mai kyau ya tsarge shi, ƙarfen ya faɗi ƙasa, wata iska mai zafi da ƙauri ta fito daga ramin. Ya koma kan ƙarafan ƙofa. Tartsatsi na zuba a hannunsa bai sa safa ba, bai kuma ji ba. Da ya yanke na gefe ɗaya motar ta yi wani dogon nishi. Ya zagaya ɗaya gefen yana jin numfashin Auta a bayansa yana sarƙewa, yana tsayawa, yana dawowa da ƙyar. A kan ƙarfe na ƙarshe ya rufe ido ya danna.

Tsakiyar motar ta sauka a hankali, kamar tsohuwar da ke neman wurin zama. Ginshiƙan rufi suka lanƙwashe, dokin ƙofa ya karye daidai ramin, rufin ya daki ƙasa ya lotse. Sakatar da ta gagari guduma ta zame da kanta ta faɗi. Wata iska ta ratsa tsakaninsu ta shige motar, garin ƙarfen da ke ƙasa ya tashi ya kwanta, sai aka ji ɗan siririn kuka, da muryar mace tana rarrashi ƙasa-ƙasa.

Bakin Auta ya sake motsi, muryar ta yi nisa. "Ɗan direba, ubanka ya fi ka."

Yatsun ƙafarta suka saki. Ta yi atishawa, ta ja numfashi mai tsawo har cikinta, irin wanda ta daɗe ba ta ja ba, sannan ta juya ta ɓoye fuska a cinyar uwarta. Daidai nan aka soma kiran magariba. Malam ya ɗauki sandarsa, ya ce a ba ta ruwa, ya fita bai yi wa maigidan sallama ba.

Daga ranar ba a sake jifa ba, ba abin da ya sake kifewa. Ƙurajen suka bushe suka bar ɗan tabo. Motar tana nan a karye tsakanin ginshiƙanta, masu sayen tsohon ƙarfe sun leƙo sun ga fuskar mai ita sun koma. Umma tana ba shi abinci, tana amsa masa in ya yi magana, iyakarta ke nan.

Wani yammaci bayan Auta ta warware, yana zaune kan tsohuwar taya yana kallon kangon, sai ya ji tafiyarta. Ta fito da kofin shayi kamar da, ransa ya yi sanyi har ya matsa ya ba ta wuri. Amma a bakin rumfa ta tsaya.

"Ƙaraso mana, uwata," ya ce. "Kada ki damu da wannan. Ƙarfe ne kawai, ke kika fi."

Ta kalle shi. Ba fushi a fuskarta, da ma fushin ne da ya fi masa sauƙi.

"Baba, ina ji fa," ta ce. "Ba na iya magana ne, amma duk ina ji. Na ji lokacin da ka ce a ba ka zuwa gobe."

Ya buɗe baki zai yi mata bayanin nauyi da sakata da yadda mota ke lanƙwashewa, ya ga duk ta riga ta sani, shi ya koya mata. Ta duƙa ta ajiye kofin a ƙasa, daidai inda inuwar rumfa ta ƙare, ta juya ta koma cikin gida. Har duhu ya rufe lungun bai tashi ya ɗauka ba, shayin ya huce a wurin.